Mita Biyar Daga Bakin Magudana

Akwai wani matashi da 'yan gidansu ke kira Auta, irin masu shiru-shirun nan da in ka taka su yau, sai bayan shekara goma za ka ji ihunsu.

Babansu mai gyaran rediyo ne. Shekarar da ya kwanta ciwo, bakaniken da ke maƙwabtaka da rumfarsa ya kwashe kayan aikin tsohon ya watsar a titi ana ruwan sama, ya faɗaɗa garejinsa. Baban bai sake tashi ba. Auta ya ƙulla abin a ransa.

Yayarsa tela ce, shagonta na layin baya. Ita ta riƙe shi har ya shiga digiri na biyu a fannin tsara manufofin gwamnati.

Da aka zo zaɓen abin da za a yi bincike a kai, abokan karatunsa suka ɗauki asibiti da makarantu. Shi kuwa ya ce ambaliya, da masu sana'ar da ke toshe magudanun ruwa. Kada ku ɗauka kishin gari ne. Garejin bakanike a bakin magudana yake.

Ranar da garejin ke rufe, ya ari tef ɗin awon Yaya, ya durƙusa ya auna daga magudana zuwa rumfar garejin. Mita huɗu. Sai ya koma ya rubuta shawara cewa a rushe duk abin da bai kai mita biyar ba.

Farfesan da ke duba aikinsa ya sauke tabarau. "Me ya sa biyar? Me ya hana uku?"

"Haka bincike ya nuna, ranka ya daɗe."

"To ka bi layi-layi ka gano min waɗanda abin zai shafa. A aikinmu ba a ba da shawara sai an san kan wa za ta faɗa."

Auta ya ce to. Ya bi babban titi kawai, inda garejin yake, ya koma ya cika takarda. Ina ruwansa da sauran layuka? Har ya ƙara wani sakin layi cewa kada a ɗaga wa kowa ƙafa, don ya san bakaniken yana da mutane.

Aikin ya yi kyau, aka yaba. Farfesa yana cikin kwamitin hukumar tsara gari, sai ya miƙa musu taƙaitaccen rahoton. Bayan wata shida ya zama doka, aka ba mutane mako biyu su tashi.

Auta ya sa sabbin kaya ya tafi kallon ƙarshen maƙiyinsa. Yana zuwa ya tarar ana tuge turakun rumfar ana mayar da su baya. Gareji ai turaku ne da kwano. Kafin azahar sun matsa mita biyu, sun ci gaba da aikinsu.

Bakaniken, da yanzu ya yi furfura, ko gane shi bai yi ba. "Malam, ɗan matsa mana, za a wuce da mota."

Baƙin ciki ya turnuƙe shi. Yana nan tsaye waya ta yi ƙara, ya ji muryar Yaya. "Auta, zo ka gani, sun shafa min jan fenti a bango."

Ashe akwai tsohuwar magudana da aka rufe da siminti a bayan shagonta, mita uku tsakaninsu. Shagon kuma na bulo ne, ba a ɗaga shi a matsa.

Ya ruga ofishin Farfesa yana haki. "Ranka ya daɗe, ba za a iya cire mutum ɗaya ba? Yayata ce."

Farfesa ya buɗe kundin binciken, ya juyo masa shafin. "Wa ya rubuta kada a ɗaga wa kowa ƙafa? Na ce ka bi layi-layi. Ka bi?"

Auta ya juya ya fita.

Ranar rusau, shi ya taya ta fito da kekunan ɗinki uku ya jera a bakin titi. Suna kallo katafila ta kwantar da bangon da bugu biyu. Yaya ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Duk wanda ya zauna a ofis ya rubuta wannan abin bai zo ya ga halin da muke ciki ba, Allah ya isa tsakanina da shi. Yadda ya raba ni da wurin cin abincina, Allah ya hana shi kwanciyar hankali."

Ta juyo ta dubi ƙanenta.

"Auta, ka ce amin mana."

Darasi: Duk wanda Allah ya ba ilimi ko alƙalamin tsara wa jama'a doka, kada ya yi ramuwar gayya da shi. Doka ba ta san sunan wanda kake haushi ba, kan kowa take faɗawa, har da naka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu karatun da gobe za su riƙe mana ofisoshi.