Tsagar da ke Bangon Aji Uku

Akwai wani dattijo da kowa yake kira Baba Magini. Shekara arba'in ya yi yana ɗora bulo kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Yana cikin mutum bakwai na kwamitin amintattun wata makaranta mai zaman kanta. Marigayin da ya kafa makarantar ne ya saka shi, don shi ya gina masa azuzuwan farko da hannunsa.

Aikin kwamitin ba koyarwa ba ne. Su ne suke riƙe da amanar makarantar: su naɗa shugaba, su sa ido, su yanke abin da za a fara yi da abin da zai jira.

Ciyaman ɗinsu dillalin motoci ne, mutum mai son a gani a yaba. Shi ya matsa aka ɗora bene a kan tsofaffin azuzuwa don a ƙara ɗalibai. Tun a lokacin Baba Magini ya ce harsashin na ginin ƙasa ne, ba zai ɗauki bene ba. Aka ce an ji.

Wata huɗu da gama benen, shugabar makarantar, wadda yara suke kira Malama Babba, ta tare shi a bakin ƙofa bayan an tashi.

"Baba, don Allah zo ka duba mini wani abu. Amma kada ka ce ni na nuna maka."

Ta kai shi aji uku, wanda yake daidai ƙarƙashin benen. Ta ɗage wata babbar taswira da aka manna a bango. A bayanta akwai tsaga, siririya kamar zare, ta taso daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace.

"Wa ya rufe ta da taswira?"

"Ni ce. Yara suna ta tambaya."

Baba Magini ya ɗora tafin hannunsa a bangon ya bi tsagar da shi. Sannan ya je ya tura ƙofar ajin. Sai da ya sa kafaɗa ta rufu.

"Tun yaushe take cijewa haka?"

"Sati uku ke nan. Kafinta ya kankare ta sau biyu."

"Ba ƙofar ce ta kumbura ba, 'yata. Ginin ne yake zama a kanta."

Washegari ya dawo da ɗan guntun gilashi da siminti a leda. Ya manna gilashin ya ratsa tsagar, ya ce mata idan bangon yana motsi, gilashin zai faɗa musu.

A zaman kwamiti na ƙarshen wata, abubuwa uku ne a takarda: launin fentin da za a yi wa gaban makaranta, sabon allon suna mai fitila, da bikin buɗe bene. Awa guda aka yi ana gardamar shuɗi ko ruwan ƙasa.

Da aka zo tashi, Baba Magini ya ɗaga hannu ya faɗi abin da ya gani. Ya roƙa a kwashe yara daga ɓangaren, a kira injiniya na waje ya duba.

Ciyaman ya yi dariya. "Baba, kai ko ƙwai aka ba ka sai ka ce ya tsage. Filasta ce kawai ta bushe."

Aka yi dariya, har da likitan da ke cikinsu.

"Ranka ya daɗe, ni na haƙa harsashin nan. Na san iya zurfinsa."

"To ka san kuma abin da zai faru in aka ga injiniya yana zagaya makaranta da abin awo? Kafin sati iyaye sun kwashe 'ya'yansu. Ka bari a yi biki, a gama ɗaukar sababbin ɗalibai, sai mu duba."

Ya juya ga Malama Babba. "Malama, ke kin ga wata matsala?"

Ta dubi takardar gabanta. Shi ne yake sa hannu a sabunta aikinta duk shekara, kuma ita kaɗai take riƙe da gidansu.

"Ban san harkar gini ba, ranka ya daɗe."

Aka ɗaga hannu. Shida suka ce a jira. Baba Magini ya ce wa sakatare ya rubuta cewa shi bai yarda ba. Ya tsaya a kansa har ya rubuta.

Kwana biyar bayan haka, mai fenti ya zo ya cike tsagar ta waje ya shafe ta da shuɗi. Makaranta ta yi kyau ƙwarai. Masu wucewa har tsayawa suke yi.

A ciki kuwa, kullum da safe sai an share wani farin gari daga kan teburan aji uku. Malamin ajin ya ce wani lokaci idan yara sun yi shiru suna rubutu, yakan ji wani ɗan sauti a sama, kamar ana taka busasshen ganye.

Baba Magini ya tafi shagon wata tela, wakiliyar iyaye a kwamitin, wadda ake kira Maman 'Yan Biyu. Tana cikin waɗanda suka ce a jira.

"Baba, ni na ga manya sun ɗaga hannu ne na ɗaga."

"Ban zo da faɗa ba. Ki ajiye keken nan na minti ashirin, ki zo ki gani da idonki."

Ta bi shi. Suka ɗage taswirar. Gilashin ya rabe biyu, kuma ɓarin sama ya goce daga na ƙasa. Tsagar da take kamar zare, yanzu ɗan yatsanta ya shige ciki.

Ta juya ta dubi ajin. Jakunkunan 'yan biyunta suna rataye a tebur na biyu daga bangon.

Ta fita, ta shiga ofishin Malama Babba ta rufe ƙofa. Ta kira Ciyaman a waya sau uku bai ɗauka ba. Da ya ɗauka, cewa ya yi yana wajen masu kujerun biki, maganar ta jira zama na gaba.

"Malama, ni da Baba, mu biyu 'yan kwamiti, za mu sa miki hannu," in ji ta. "Ki fitar da yaran nan. In kora ce, a kore mu tare."

Malama Babba ta ajiye biron da ke hannunta. Sannan ta tashi ta buga ƙararrawa.

Aka kwashe azuzuwa huɗu, na sama da na ƙasa, aka mayar da su ƙarƙashin rumfar ajiye motoci, a kan tabarmi.

Kwana ɗaya, kwana uku, kwana takwas, gini yana nan tsaye da sabon fentinsa. Iyaye suka fara ƙorafi cewa 'ya'yansu suna zaune a ƙasa. Wasu suka cire nasu. Idan Baba Magini ya wuce, sai a ce ga mai jin maganar bango nan. Shi kansa ya daina cin abinci sosai. Ya ce wa matarsa, "In na yi kuskure, na kashe wa Malama Babba aiki a banza."

A rana ta tara, da hantsi, Ciyaman ya shigo da takardu biyu: ta sallamar Malama Babba, da ta cire Baba Magini daga kwamiti. Ya sa malamai suka jera yara a layi, kowa da jakarsa, don a mayar da su azuzuwansu. Jikarsa ma tana cikin layin aji uku.

Malama Babba ta je ta tsaya a bakin ƙofar ajin. Ta tare hanyar.

"Ranka ya daɗe, na karɓi takardar. Amma yau ba yaron da zai shiga nan."

"Matsa ki gani."

Ya ture ƙofar ya shiga shi kaɗai. Ya tsaya a tsakiyar ajin ya buga ƙafa a ƙasa sau biyu. Ya dubi yaran ta taga yana murmushi.

"Ga ni nan. Me ya faru?"

Farin gari ya zubo masa a hula. Ya ɗaga kai.

Baba Magini, da yake tsaye a bakin rumfa, bai ɗaga murya sosai ba. Cewa ya yi, "Fito. Kada ka gudu, kada ka taɓa ƙofar. Fito yanzu."

Ciyaman ya kusa kaiwa bakin ƙofa sai ginshiƙin kusurwa ya karye. Rufin kankaren ya sauko gaba ɗaya a kan layin tebura uku. Ƙura ta rufe filin, yara suka watse suna kuka.

Da aka jawo shi, ƙafarsa ta dama ta murƙushe daga gwiwa zuwa ƙasa. Bai tambayi ƙafar ba. Sunan jikarsa yake ta kira. Sai da aka kawo ta ya taɓa fuskarta sannan ya yarda aka ɗauke shi.

Malamai suka ƙirga yara sau uku. Ba wanda ya ɓata.

Likitoci ba su iya ceto ƙafar ba. Hukuma ta rufe makarantar zango guda, kuma mutum biyar suka sauka daga kwamitin, har da Ciyaman.

Baba Magini ya je duba shi a asibiti. Ciyaman ya juya fuskarsa ga bango ya ce, "Baba, ka zo ka ce ka faɗa mini?"

"A'a. Na zo gaishe ka ne."

"Yara nawa ne a layin nan?"

"Talatin da takwas."

Ciyaman ya ja mayafi ya rufe fuskarsa. Baba Magini ya zauna kusa da gadon har kukan ya lafa.

Darasi: Duk wanda aka ba kujera a kwamitin makaranta, 'ya'yan mutane aka damƙa masa. Lafiyarsu da karatunsu su ne farko, suna da ado su biyo baya. Kada ka ɗaga hannu don kawai ka ga manya sun ɗaga. Tashi ka je ka gani da idonka. Ku tura wannan ga duk mai riƙe da amanar yara, ko wani zai ɗage taswirar da ke bangonsa tun kafin lokaci ya ƙure.