Mai Haƙar Rijiya da Idonsa Ya Dushe

Akwai wani mutum mai haƙar rijiya wanda sunansa ya kai ƙauyuka da yawa. In ya zaga fili sau ɗaya ya dangwala sandarsa a ƙasa, to, nan ruwa yake. Yana da ɗan ƙanwarsa, magidanci mai mata da 'ya'ya, wanda ya shekara bakwai yana binsa aiki. A duk shekarun nan abu ɗaya yake ji daga bakin tsohon: "Haƙa nan." In ya tambayi dalili, sai tsohon ya ce, "Rana tana yi, ɗana, kai dai haƙa." Ba mugunta ce ta sa shi haka ba. Gani yake bayani ɓata lokaci ne, tun da shi ya riga ya sani.

Ana nan sai cutar yana ta rufe idon tsohon, har ba ya bambanta mutum da kututture. A ranin nan kuwa mutanen wani ƙauye suka zo roƙonsa, gama rijiyarsu ta ƙafe, matansu suna tafiyar rabin yini neman ruwa, awaki kuma sun fara mutuwa. Ya kasa ce musu a'a. Ɗan ƙanwarsa ya riƙe masa sanda suka tafi.

Da suka tsaya a filin, magidancin ya ce, "Kawu, ina zan haƙa?"

Tsohon kuwa ba ya ganin kome sai fari fat. Sai ya ce, "Faɗa mini, me kake gani?"

Magidancin ya soma faɗa yana inda-inda: ga kwari ta gabas, ga jar ƙasa, ga wani ɓaure can nesa.

"To, kai a ganinka ina ne ruwan?"

Ba a taɓa yi masa wannan tambaya ba. Ya zaɓi kwarin. Kwana huɗu yana haƙa, sai dagi ya ci karo da dutse. Ya fito daga ramin kansa a sunkuye, ya ce, "Kawu, ban iya ba. A nemo wani."

Faɗa ya zo wa tsohon har baki, amma ya haɗiye, gama ya gane laifin nasa ne, shi da bai koya masa ba. Ya ce, "Zauna. Ƙasar da ka fitar, yaya ta sauya daga sama zuwa ƙasa? Me ka gani da bai kamata ka wuce shi ba?"

Suka yini a kan wannan, tsohon yana tambaya, shi yana amsawa. Da yamma magidancin ya tashi shi kaɗai ya sake zaga filin. Ya dawo ya ce, "Duk itatuwa sun kaɗe ganye, ɓauren nan ne kawai kore shar. Kusa da shi akwai suri, na fasa gefensa na ji danshi. Can zan haƙa." Wannan karon ba tambaya ya yi ba.

A rana ta tara tsohon yana zaune a bakin ramin, sai ya ji muryar ɗan ƙanwarsa daga can ƙasa tana cewa, "Kawu, miƙo hannunka." Aka jawo guga, aka zuba masa laka mai sanyi a tafi. Matan ƙauyen suka ɗauki guɗa, shi kuwa hawaye ne suka zubo masa. Da wani ƙauye ya aiko a rani na gaba, tsohon ya yi zamansa a gida, ya ce, "Ku tafi da ɗan ƙanwata, ya ishe ku."

Ma'anar wannan misali ita ce: tsohon nan mu ne, iyaye da malamai. Sau da yawa muna ba 'ya'yanmu amsa domin ta fi sauri, mu hana su koyon neman ta. Ubangijinmu bai yi haka da almajiransa ba. Yakan tambaye su, ya aike su su kaɗai, in sun dawo ya saurare su, in sun kasa ya sake koya musu cikin haƙuri. Kada mu jira sai ƙarfinmu ya ƙare. A makon nan, in ɗanka ya zo ya ce, "Yaya zan yi?", ka dakata kaɗan, ka tambaye shi abin da ya gani, ka kuma zauna kusa da shi in ya yi kuskure. Allah ya ba shi hankali, kamar yadda ya ba ka.