Giris a Bakin Zarto

Ku matso, jama'a, ga wata ta faɗo mini, bari in ba ku kafin ta sake tserewa. A wani ƙauye aka yi ta, can gefen daji. Sunan garin ya kwanta mini, amma akwai maɗatai da yawa, wannan kam na riƙe.

Wani manomi, Jatau, yana gona da hantsi sai iskar farkon damina ta taso. Tsohon maɗaci ya faɗo, ƙaton reshe ya danne masa cinya. Jama'a suka taru suka ciccibi reshen, ko gezau. Aka gwada gatari, kowane sara sai ya ji har ƙwaƙwalwa. Yana kwance yana jin ƙafar tana sanyi, ya fara kalmar shahada.

Abokinsa Zakari ya ruga ƙauyen tsallake ya aro injin zarto mai sarƙa. Kafin ya dawo rafi ya kawo. Ya ɗora injin a ka, ya ratsa ruwa har wuya.

Aka tayar da inji, ya yi ta kuka, sarƙa ta ƙi motsi. Ashe a bakin ƙarfen da sarƙar ke zagayawa akwai ɗan gargare mai haƙora, mai injin kuwa man gyaɗa yake ɗiga masa maimakon giris. Man ya haɗu da garin katako ya daskare kamar ƙaro. Hambali mai gyaran keke ya zauna ya wanke shi da kananzir, ya tsokane 'yar hudar mai da ƙayar aduwa. Ya kwance cibiyar kekensa, ya lakato giris, yana durawa da babban yatsa yana juya gargaren.

Jatau ya ce, "Hambali, don Allah yi sauri."

Hambali ya ce, "Kwanta abinka, maƙwabci. Unguwa za ka?"

Jatau ya yi dariya da hawaye, gargare kuma ya saki.

Saura yanka. Wurin ya matse, bakin zarton kaɗai zai shiga, shi kuwa bakin nan in ya ci karo, fuskar mai riƙe da shi yake nufa. Kowa ya ja da baya. Iliya, ƙanen matar Jatau, ko ɗan ƙanwarsa ne, oho, ya durƙusa ya yanka dab da cinyar. Injin ya yi tutsu ya tsaga masa kafaɗa, bai saki ba sai da reshe ya rabu biyu.

Jatau ya warke, sai ɗan ɗingishi. Duk inda ya zauna, addu'a yake yi wa mutanen nan uku. Da kaka ta yi, matarsa ta haifi namiji, ya ƙudura zai yi wa ɗayansu takwara. Ranar suna, rago na ɗaure, su ukun na zaune a tabarma guda, liman ya karkato ya ce, "To, angon ƙarni, wane suna za mu raɗa?"

Jatau ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi na ukun.

To, ku da ke zaune, sunan wa ya kamata yaron nan ya ci?