Hoton Da Mama Ta Nema Kafin Tiyata

Akwai wani mai ɗaukar hoto da ya yi suna wajen hoton yara. Shagonsa cike yake da balan-balan da ƙararrawa, har da wani birin roba mai ƙara idan an matsa cikinsa. Ko da kuka aka shigo da yaro, sai ya fita haƙora a waje. Abin ya shiga kansa, har yakan ce wa iyaye, "Ku matsa gefe kawai. Ba a haifi yaron da zai gagare ni ba."

Ƴarsa ɗaya ce tilo, ƴar shekara biyar. Tsuntsuwa ake ce mata, saboda bakinta ba ya hutawa.

Sai matarsa ta kwanta ciwo. Abu kamar wasa, har likitoci suka ce sai an yi mata tiyata a zuciya, a wani asibiti mai nisa. Yayarta ta bi ta jinya, shi kuma aka bar shi da yarinya. Ya ce mata, "Mama tafiya ta yi, za ta kawo miki tsaraba."

Tun daga ranar surutun Tsuntsuwa ya ɗauke, dariya ma ta ɗauke.

Ranar da za a yi aikin, da safe, yayar matarsa ta kira shi.

"Baban Tsuntsuwa, an kusa shiga da ita. Hankalinta ya ƙi kwanciya, jininta sai hawa yake. Hoton ƴarta take so tana dariya, na yau, don tsofaffin duk ta haddace su. Ta ce kar a kira ta bidiyo, ba ta so yarinya ta gan ta da roba a hanci."

"Haba Yaya, ai wannan aikina ne. Yanzu za ki gani."

Ya saɓi yarinyar sai shago. Ya kunna fitilu, ya ɗora ta kan kujera, ya saita kyamara.

"Tsuntsuwa, yi wa Abba murmushi."

Ta zuba masa ido kawai. Ya kaɗa ƙararrawa, ya matsa cikin biri, ya hura balan-balan har ta fashe masa a fuska. Ko gezau. Ya yi mata alkawarin alawa, ya yi mata alkawarin keke. A ƙarshe ta yaƙe baki don ya ƙyale ta.

Ya duba hoton. Haƙora ne a waje, amma idanun kamar na wadda ta ɓace a kasuwa. Idan uwa ta ga wannan, ai ƙara mata ciwo za a yi.

Waya ta sake ƙara. "Sun kawo gadon da za su tura ta. Ina hoton?"

"Ga shi nan zuwa, Yaya, don Allah ki roƙe su su ɗan jira!"

Zufa ta jiƙa masa riga. Bai san lokacin da ya daka wa yarinyar tsawa ba.

"Ke! Dariyar ce ba ki iya ba? Ki yi dariya na ce!"

Tsuntsuwa ta fashe da kuka, ta diro daga kujera, ta shige bayan labulen da ake ɗaukar hoto a gabansa.

Ya ajiye kyamara, ya zube a ƙasa, ya kifa kai a gwiwa. Ƴaƴan mutane nawa ya sa dariya a ɗakin nan, yau ga tasa ta gagare shi, a ranar da wataƙila ita ce ta ƙarshe da uwarta za ta gan ta. Kuka ya ƙwace masa.

Can sai ya ji ɗan hannu a kafaɗarsa.

"Abba, Mama mutuwa za ta yi?"

Ya ɗago a firgice. "Wa ya gaya miki haka?"

"Ina jin ka kana waya. Ka ce tafiya ta yi, kuma kana ta cewa likita."

Ya jawo ta jikinsa. Ya buɗe baki zai sake wata ƙaryar, sai ya haɗiye ta.

"Ki yafe min, ƴar Abba. Mama tana asibiti, zuciyarta ce ke ciwo. Yau likitoci za su gyara mata. Ni ma tsoro nake ji, amma muna roƙon Allah ya tashe ta. Ita ce ta ce tana so ta ga fuskarki."

Yarinyar ta ja hanci. Sai ta shafa kanta.

"To ai Mama ba ta yarda a ɗauke ni hoto kaina a tsefe."

Sai lokacin ya lura gashin ya cukurkuɗe, tun tafiyar uwar ba wanda ya taɓa shi. Ya lalubo mataji da ribom a aljihun tebur. Mutumin da bai taɓa riƙe gashin mace ba ya kama aiki. Ya ja nan, ya tufke can, tana cewa "Wayyo Abba, a hankali!"

Da ya gama ya juya ta gaban madubi. Tufka ɗaya ta miƙe tana kallon sama, ɗayar ta kwanta kan kunne.

"Abba! Ka mayar da ni akuya!"

Ta kece da dariya, irin wadda take riƙe ciki, hawaye bai ma bushe a kumatunta ba. Kyamara na can nesa, sai ya zaro waya ya danna. Hoton ya ɗan yi dishi-dishi, haske ma bai daidaita ba. Haka ya tura shi.

Shiru, babu amsa. Ya kira Yaya, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, waya a kashe. Ko hoton ya riski matarsa, ko an riga an shiga da ita, bai sani ba. Ya rufe shago, suka zauna a ƙasa, yarinya a cinyarsa, suna addu'a. Duk motsin da wayar ta yi sai ya zabura ya duba.

Sai bayan la'asar kira ya shigo.

"Alhamdulillahi, an fito lafiya," in ji Yaya, tana kuka tana dariya. "A bakin ƙofar ɗakin tiyata na nuna mata. Ta yi ta dariya har nas ta ce ta bari haka. Yanzu ta farfaɗo, ga ta, amma kar ka ja ta da magana."

Ya manna wayar a kunne, Tsuntsuwa ta manna nata kunnen. Wata siririyar murya ta fito da ƙyar.

"Baban Tsuntsuwa... don girman Allah, ka bar min kan ƴata har in dawo."

Darasi: Murmushin yaro ba a tsawa yake ba, ba kuma a alawa ba. Idan yaro ya ƙi dariya, akwai abin da ke cin zuciyarsa. Ka sauko ƙasa, ka saurare shi, ka gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, dariyar za ta zo da kanta. Ku tura wa iyaye wannan labari, wataƙila akwai ɗan da ke jiran a tambaye shi me ke damunsa.