Zabo Ɗan Fingi da Goran Tsaki

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso kusa, na baya ya daina tsokanar na gaba.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauka.

An yi wata tsohuwa, sunanta Gwaggo Tabawa. Tana da kaza guda, irin mai gashin nan a birkice kamar ta yi kokawa da guguwa, kowa Fingi yake kiranta. Akurkinta yana bayan ɗaki, gindin zogale. A ciki an ajiye mata tsohon kasko da ƙaiƙayi, nan take kwanci.

Wata damina Gwaggo Tabawa ta samo ƙwan zabuwa ta cusa cikin na Fingi. Kun san zabuwa ba ta iya zaman kwanci ba, sai a ba kaza riƙo. Fingi ta kwanta ta ƙyanƙyashe. 'Yan tsakinta duk suka fito, can daga baya sai ga wani mai zane-zane a ka, ƙafarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ta ce, "Wannan shi ne Autana."

Zabo ke nan. Ya tashi da baki. Kare ya gifta, ihu. Ganye ya faɗo, ihu. Da rana ta take, Gwaggo Tabawa ta ɗan kishingiɗa, sai ya hau turmi ya soma: "Ku taho! Ku taho! Ku taho!" Ita kuwa sai ta jefo masa takalmi. Akwai wani gora mai siririn wuya da ake zuba tsakin 'yan kaji a ciki. Ran nan kwaɗayi ya sa ya zura kai, kan ya ƙi fitowa, Fingi ta yi ta kururuwa har sai da Gwaggo ta zo ta shafa masa man gyaɗa a wuya ta zare shi. Kwana uku 'yan uwansa suna masa dariya.

Da ya girma, bayan an cire amfanin gona, garken zabin daji ya biyo ta bayan katanga. Ya ji kukansu, ƙafarsa ta yi ƙaiƙayi. Bai yi wa kowa sallama ba, ya tsallake.

Damina huɗu yana yawo. Ya ci fara a ƙasar da babu itace, ya kwana a kan gawo, ya sha ruwan kogin da ba a hango ɗaya gaɓar. Amma duk inda yamma ta same shi, in ya jiyo sautin taɓarya daga wani ƙauye mai nisa, sai ya bar kiwo ya yi tsaye. Ya tuna tsakin gero da safe. Ya tuna ɗumin da ke ƙarƙashin fiffiken nan mai birkitaccen gashi. Wata Litinin da la'asar dai ya juyo.

Ya tarar katangar ta gajarce, ko kuwa shi ne ya daɗe. Tsakar gidan da yake gani kamar fili, taku goma ya ƙure ta. Zogalen yana nan, turmin yana nan, har da tsagar da ke gefensa. Ya leƙa akurki ya ce, "Salamu alaikum."

Fingi ta ɗago kai. Ta rame, tukkunta ya koɗe. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Wa nake gani kamar Auta?"

"Ni ne, Inna."

"Ka ci abinci?"

Ita ke nan tambayar, ba ta ce ina ka shiga ba. Ya durƙusa gefen kaskon, sai ya ga busasshiyar gwaiduwa a bakinta. Ya ce, "Inna, mene ne wannan?"

Ta ce, "Shi ne ajalina. Gwaggo ta saka mini ƙwan zabuwa goma sha biyu, kowanne ta zana masa gawayi. Yau saura biyar. Akwai wani ɓera, Na-Rami, ƙofar raminsa tana ƙarƙashin kaskon nan. Kullum da rana in na tashi shan ruwa, sai ya fito ya fasa guda ya shanye, ya ja rabin ɓawon cikin rami. In na dawo dole in tsince abin da ya zube, kada tururuwa ta bi sauran. Gwaggo ta zo ta ga bakina."

"Ba ki gaya mata ba?"

"Na gaya mata. Ta leƙa, idonta ya yi rauni, bayanta ba ya sunkuyawa, ta ce ba ta ga rami ba. Ta ce, 'Ke Fingi, da tsufanki kika koyi shan ƙwai? To, jibi-jibi ran Juma'a ɗana Nomau zai dawo daga tafiya, shekara tara rabona da shi. Da ke zan yi masa sannu da zuwa.' Na ji tana wasa wuƙa ɗazu."

Sai ga wani siririn gashin baki ya leƙo daga gindin kasko, wata murya ta ce, "A'a, uwar gida, baƙo muka yi? Ashe ɗan riƙo ne ya tuna hanya! Sannu da yawo." Na-Rami ne, ya tafa hannu yana waƙa:

"Ni da sha, ke da wuƙa,
Ni da sha, ke da wuƙa!"

Zabo ya ce, "Inna, bar ni da shi. Ni da na kori maciji a daji?"

Ran Talata rana ta take, Fingi ta tafi shan ruwa. Zabo ya laɓe bayan ƙofa. Na-Rami ya fito, ya fasa guda, ya kafa baki. Zabo ya faɗa masa da sara, ya kurma ihu: "Ku taho! Ku taho! Ku taho!" Kafin Gwaggo Tabawa ta lalubo ƙofar ɗaki, ɓera ya shige, ko jelarsa babu. Ta iso ta ga fasasshen ƙwai, ta ga Fingi ta sheƙo a guje tana tsincewa, ta ga Zabo.

Ta ce, "La ilaha! Kai ma ka dawo da bakin nan naka?" Ta cire takalmi ta jefe shi. Bai ji zafi ba. Abin da ya ba shi mamaki, takalmin nan dai ne na dā.

Saura huɗu. Daga ƙasa murya na cewa, "Ni da sha, ke da wuƙa!"

Ran Laraba Zabo ya ce, "Inna, yau je ki sha ruwanki a natse. Ni zan kwanta a kansu."

Ta ce, "Kai, Auta? Zama?"

"Mene ne a ciki? Zama ne kawai."

Ya hau kasko ya baje fiffike. Ya zauna. Ya gyara zama. Ya ƙirga karan rufin akurki, ya sake ƙirgawa. Ƙafarsa ta soma ƙaiƙayi. Sai wata fara, ƙatuwa, koriya shar, ta dira a bakin ƙofa. Ya kau da kai. Ta matso. Ya ce a ransa, taku biyu ne, in cafke in dawo. Farar ta yi tsalle, ya bi, ta ƙara, ya ƙara, har gindin rijiya. Da ya dawo, Na-Rami yana lasar gashin baki.

"Ɗan riƙo, ai da ka tambaye ni. Kakanka ma bai zauna ba."

Saura uku.

Da yamma Zabo ya kasa haɗa ido da Fingi. Ya tafi gindin rumbu ya tsaya yana kallon katanga. Tsalle ɗaya ne, ya koma inda babu wanda ya san shi, ba sai ya ga ranar Juma'a ba. Har ya ɗaga fiffike, ƙafarsa ta taɓa wani abu a cikin yayi. Ya duba. Goran tsaki ne, ya yi ƙura, igiyarsa ta ruɓe, amma siririn wuyan nan yana nan yadda ya san shi. Har ya ji kamar ƙamshin man gyaɗa a wuyansa.

Ya mirgina shi har akurki. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Inna, kin tuna wannan?"

Ta yi dariya, karo na farko tun zuwansa. "Yaya zan manta? Ka shiga da sauƙi, fita ta gagara."

"Abin da zan zuba a ciki nake nema."

Fingi ta leƙa ƙwan da ke ƙarƙashinta. Can ta ce, "Cikin ukun nan, biyu suna motsi, ina jin su suna ƙwanƙwasa mini ciki. Ɗayan ya daɗe da yin shiru. Baragurbi ne, ba zai fito ba. Na sani tun tuni, na dai kasa ture shi." Ta sa baki ta gangaro masa shi a hankali. "Ɗauka."

Ran Alhamis kafin rana ta take, Zabo ya fasa shi a bakin gora, ya tsiyaye ciki. Wari ya tashi, har ƙudajen maƙwabta suka zo gaisuwa. Fingi ta fita shan ruwa. Na-Rami ya leƙo, hancinsa yana rawa.

"Ɗan riƙo, mene ne wannan?"

Zabo ya rufe goran da fiffike. "Ba naka ba ne. Je ka sha ɗanyenka."

"Tambaya na yi."

"Ƙwai ne da ya nuna. A ƙasashen da na zaga, manyan ɓeraye ba sa taɓa ɗanyen ƙwai, sai an ajiye shi ya yi kamar daddawa. Ɗanye na 'yan ƙauye ne, waɗanda ba su taɓa wuce bayan ɗaki ba."

Gashin bakin Na-Rami ya miƙe. "Ni ne ɗan ƙauye?"

"Ni ban kama suna ba."

"Kai, ni da nake shan nunannen ƙwai tun ba a saka ka a kasko ba! Matsa in ɗanɗana, in gaya maka ko na kirki ne."

"Zai fi ƙarfinka."

"Matsa, na ce!"

Zabo ya matsa. Na-Rami ya kwantar da kunnuwa, ya tura kai, ya murɗa, ya ƙara turawa, sulluɓ, ya shige har wuya. Ya lasa sau ɗaya, warin ya bugi ƙwaƙwalwarsa. Ya ja baya. Kunnuwan da suka kwanta wajen shiga suka buɗe wajen fita. Ya ja, ya ja, ya ja. Ina!

Zabo ya haye turmi, ya cika ƙirji, ya saki muryar da aka tsane shi dominta tun yana ƙarami: "Ku taho! Ku taho! Ku taho!"

Gwaggo Tabawa ta fito da muciya a hannu tana cewa, "Yau sai na karya ɗan banzan zabon nan!" Sai ta yi turus. Ga gora yana gudu a tsakar gida, da ƙafa huɗu da jela. Ya bugi randa, ya bugi murhu, ya nufi akurki, ta bi shi. Fingi ta riga su, ta gangaro ƙwanta biyu gefe ta rufe da jiki. Gora ya yi ta tunkuyin gindin kasko yana neman ƙofa, har kaskon ya goce.

Ga rami, baki buɗe. Ga ɓawon ƙwai cike da bakinsa. Gwaggo ta dafa gwiwa, ta sunkuya da ƙyar, ta ɗauki guda ta kai kusa da ido. Zanen gawayinta ne, na hannunta.

Daga cikin gora wata murya ta ce, "Gwaggo, tsaya in yi bayani."

Ta ɗaga muciya ta sauke. Ƙurunƙus!

Ta ajiye muciya, ta juya wajen Fingi. Sannan ta ce, "Fingi, na ɗauki alhakinki. Ki yafe ni."

Fingi ta ce, "Na yafe, Gwaggo. A dai mayar da wuƙar nan ɗaki."

A ranar Gwaggo ta cika ramin da fasassun tukwane, ta liƙe da yumɓu, ta ɗora kaskon a kan duwatsu uku, ta daina barin dusa tana kwana a akurki. Ran Juma'a Nomau ya iso. Ta kawo masa tuwon dawa da miyar kuka, tana ba shi haƙuri babu nama. Ya kai loma ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Inna, nama na ci a ko'ina. Wannan ce ban samu ba."

Bayan kwana biyu ƙwan nan suka fashe. Duka biyun masu zane-zane a ka ne, ƙafarsu ba ta tsayawa wuri ɗaya. Fingi ta dube su, ta dubi Zabo, ta ce, "To, ga ƙannenka. Su ma wata rana za su tsallake."

Ya ce, "In sun tsallake za su dawo, Inna."

"Kai fa?"

Ya dubi katanga, ya dubi akurki. Ciki ya yi masa kaɗan, daji kuma ya yi masa nisa. Sai ya yi tsalle ya hau zogale. Shi ya sa har gobe zabon gida ba ya son kwana cikin akurki, sai a kan itace, ido ɗaya a daji, ido ɗaya a gida, abu kaɗan ya motsa ya tara jama'a.

To yara, in kun ga gwaiduwa a bakin wani, ku ɗaga kasko kafin ku wasa wuƙa. Wanda kuma ƙafa ta ɗauke shi, ya dawo tun masu tambayarsa ko ya ci abinci suna nan.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera a cikin gora. In akwai ƙarya a ciki, a tambayi muciyar Gwaggo Tabawa.