Jan Fentin Ƙadangare

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso mu sha labari!

Na rantse ba za ku yarda ba, amma da can kan Ƙadangare ba ja ba ne. A jikin wata tsohuwar tsamiya yake zaune a tsakiyar birni, Kurciya na sama kwance kan ƙwai, masu talla na hutawa a inuwa.

Rannan masu faɗaɗa titi suka zo suna shafa wa bishiyoyi jan fenti, suka tsallake tsamiya. Kurciya ta ce, "Malam Ƙadangare, kai da ka yi boko, me wannan ke nufi?"

Bokon nasa kuwa wata biyu ne a bangon aji, amma ya bugi ƙirji. "Lambar girma ce, Yaya! Mu aka raina. Bari ki gani."

Da ma'aikata suka tafi cin abinci, ya tsoma kai cikin bokitin fenti, ya goga wa tsamiya, yana dariya.

Washegari injin yanka ya iso, yana bin duk bishiyar da ke da jan fenti. Tsamiya ta faɗi, ƙwai suka fashe, masu talla suka watse, kwalta ta ɗauki zafi.

Kurciya na kuka ta ce, "Wa ya yi mana haka?"

"Ni ina na sani?"

"To, kanka fa?"

Ya goga, ya goga, bai fita ba. Shi ma sai hawaye. Har yau yana bin katanga mai ƙuna yana neman inuwa, yana gyaɗa kai: ni ne, ni ne.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya ƙone!