Tsohon Manomi da Ƙusoshi Huɗu a Bayansa

Akwai wani mutum manomi, ya haura shekara tamanin. Tun yana saurayi yake sunkuye a kan fartanya, har ƙashin bayansa na wajen kwankwaso ya cinye. Idan ya tashi tsaye, zafi yakan sauko masa har tafin ƙafa. Daga ɗakinsa zuwa bakin rumbu sai ya huta sau biyu. Matarsa, wadda ita ma tsufa ya kama, ita ce ke ɗaga shi tana kwantar da shi, har ƙarfinta ya ƙare.

'Ya'yansa suka kai shi asibiti a birni. Likita ya duba hoton ƙashin, ya ce gaɓoɓi biyu ne suke gugar juna suna danne jijiya. Ya ce zai ɗaure su da ƙusoshi huɗu da sanduna biyu na ƙarfe, ya sa gutsuren ƙashi a tsakaninsu domin su zama ɗaya. Amma ƙashin tsoho ya yi taushi kamar itacen da gara ta ci, don haka ba zai daɗe yana aikin ba, kada zuciya ta gaza.

Aka yi tiyata lafiya. Ranar sallama likita ya ce masa, "Baba, ƙarfen nan riƙo kawai yake yi. Ƙashin ne zai haɗe da kansa, a hankali. Wata shida kada ka sunkuya, kada ka ɗauki kaya."

Ya koma gida, zafin ya ragu. Sai damina ta sauka, ciyawa ta rufe gonar gyaɗarsa da ke bayan gida. Mazan ikilisiya suka aiko cewa za su yi masa gayya ranar Asabar. Ya mayar musu da godiya, ya ce ba ya bukata, gama shi ne ya saba noma wa gwauraye da marasa lafiya, ba a taɓa noma masa ba.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka bar su. Na gaji, kai ma ka gaji."

Washegari da ta tafi rijiya, ya ɗauki fartanya. Bai gama kunya ta uku ba ya ji wani abu ya motsa a bayansa, ya durƙusa a cikin gyaɗa. A nan ta same shi.

Likita ya sake ɗaukar hoto, ya ga ƙusa ɗaya ta kwance. Ya ce jikin ba zai ɗauki yanka na biyu ba. Ya ɗaura masa ɗamara mai tauri, ya ce ya je ya kwanta, su jira su ga abin da ƙashi zai yi.

Ya kwanta damina duka. Ta taga yana jin ƙarar fartanyun mutanen da ya ƙi, suna noma masa gona. Da kaka ta yi, ya miƙe yana dogara da sanduna biyu, amma bai ƙara shiga gona ba.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Manomin nan mu ne. Ƙarfen shi ne taimakon da Ubangiji yake aiko mana ta hannun mutane, domin ya riƙe mu har mu warke. Da yawa cikinmu mun iya bayarwa, amma karɓa tana yi mana nauyi. Muna kiran wannan ƙwazo, alhali girmankai ne. Wani a nan yau yana ɗauke da baƙin ciki, ko ciwo, ko tsufa, an miƙo masa hannu ya ce lafiya lau yake. Allah ba zai yashe ka ba ko ka ƙi, gama an dai noma gonar tsohon. Amma akwai abin da ƙin nan yake karyawa wanda ba ya sake gyaruwa a duniyar nan. Idan ka gaji, ka ce ka gaji, ka bar 'yan'uwanka su shiga gonarka.